Billen da Na Goge

Bukuru, Jos.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Landan lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya raba ka da mugun abokin tafiya. Na cusa ta ne a aljihun rigar sanyinka, don na san ba za ka taɓa rigar ba sai ka isa. Kai da kake cika bakin cewa ɗan Jos ba ya jin sanyi, za mu ji labari.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka bar shi. Ka kuma san ni da magana. A tashar mota abin da kawai na iya ce maka shi ne ka kula da akwatinka, sai ka ce akwatin na haifa.

Gwamnati ta tura ka koyon ɗaukar hoto. Madalla. Ni a hannun wani Bayarabe na koya a nan Bukuru, rabi da baki rabi da ranƙwashi. Kai kuwa za ka shiga ɗakunan da ake rataye aikin masu hoto da masu zane na ƙasashen duniya, mutanen da suke raye yanzu, suna aiki yanzu. Ni ma Allah ya kawo min irin wannan har cikin shagona, ban san yadda ake kallo ba. Abin da zan faɗa maka ke nan, don kada ka maimaita.

Akwai kuma saƙo guda. Hoton mahaifiyarka da ke rataye a ɗakina, wanda ka tashi kana kallo, ba fuskarta ce sak ba. Ni na gyara ta da hannuna. Fuskarta ta ainihi, in har tana nan, tana garin da ka nufa, a wajen wani mutum da ban san sunansa ba. Zan zo kan wannan, amma sai na bi da kai ta inda abin ya faro.

Lokacin da kuza ke da daraja, Bukuru cike da Turawa, wani kuku yakan kawo min tsofaffin mujallu daga gidan ubangidansa. Takarda mai kauri, mai santsi. Da ita nake naɗe wa mutane hotunansu, ragowar in ba wani abokina mai tsire a Abatuwa, unguwar mayanka. Nakan ɗan leƙa kafin in yage. In ga tsohuwa fuska duk tamoji, ba wanda ya gyara mata. In ga masunta an ɗauke su ta ƙeya. In ga lungu babu kowa sai inuwar keke a bango. Sai in ce a raina, wannan bai ƙware ba, ya ɓata fim a banza.

A wajenmu hoto abu ɗaya ne, ka sani, don a cikinsa ka girma. Mutum ya yi wanka, ya sa kayan sallarsa, ya tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama, hannu ɗaya a kan rediyo, agogo a waje inda za a gani, ya riƙe numfashi har in ce ya saki. Duk abin da ba wannan ba kuskure ne a idona. A ƙasan kowane hoto na mujallun nan akwai ɗan rubutu ƙanana, sunan wanda ya ɗauka da ƙasarsa. Shekara da shekaru ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Makaranta sukutum aka riƙa kawo min kyauta, na riƙa aika ta wajen mai tsire.

To ka ji. Idan ka tsaya gaban wani aiki ka ji ya ba ka haushi, ko ka ji kana son yin dariya, kada ka wuce. Nan ne wurin tsayawa. Wanda ya burge ka nan take, galibi abin da ka riga ka sani ne. Ka tambayi kanka me mutumin nan ya gani da har ya ɓata lokacinsa a kai. Wani lokaci za ka tarar shirme ne da gaske, don a ko'ina akwai masu shirme, har a Landan. Amma ka duba tukuna kafin ka yanke. Kuma ka karanta sunan.

A shekarar da aka sami mulkin kai, kana goye, wani baƙo ya shigo shagona. Baƙi ne kamarmu, dogo ƙwarai, sai ya sunkuya zai shiga ƙofa. Na yi masa Hausa ya yi murmushi, na yi masa Yarabanci ya girgiza kai. Ashe mutumin Jamaika ne mazaunin Landan, yana yawon ɗaukar hoto a ƙasashen Afirka. Kyamararsa 'yar ƙarama ce mai kama da akwati, tana rataye a cikinsa, ta sama yake leƙa ta. Ɗakin duhu yake nema inda zai wanke fim, aka ce masa ya zo wajen Sabo mai hoto. Ya faɗa min sunansa a ranar, ban kama ba, na ji kunyar sake tambaya. Yaran unguwa suka sa masa Dogo, ni ma na bi su. Har ya tafi Dogo nake ce masa.

Ranar farko ya same ni ina naɗe hoto da shafin mujalla. Ya karɓi takardar, ya shimfiɗa ta a kan kanta yana lallashe ta da tafin hannu, ya nuna min ɗan rubutun nan ya ce ya san mai wannan aikin, mace ce, sun taɓa cin abinci tare. Na yi mamakin wai mace, na kuma yi mamakin wai akwai wanda ya san ta. A zatona hotunan mujalla daga inji suke fitowa.

Yana da wani kwali cike da hotunan abokansa, suna musaya ta gidan waya. Da rana in ciniki ya lafa sai ya baje min su. Wannan daga Japan, wannan daga Indiya, wannan daga Brazil, wannan wani ɗan Mali ne mai shago irin nawa. Har da hotunan zane-zane na fenti, wasu ko kan mutum ba ka iya ganewa a ciki. Yana bayani da Turancinsa mai nauyi, ni ina kama rabi. Ka san abin da na tambaye shi? Inda ake sayar da irin takardar. Mutum ya ɗauko duniya ya ajiye min a kan kanta, ni ina shafa bayan takarda ina jin kaurinta. Sai ya rubuta min sunan kantin.

Ka san labulen nan namu mai jirgin sama. Ba ka taɓa ganin bayansa ba, don na manne shi da bango tun kana ƙarami. Bitrus na unguwar Jos Jarawa ne ya zana shi, wanda yanzu yake rubutu a jikin manyan motoci. Da na ba shi yadin na ce ya zana min wuri mai kyau, sai ya kawo min kududdufin kuza: ruwa kore shar, tudun ƙasa ja kamar an yanka, mata a jere da kwanuka a ka, babu mai fuska a cikinsu. Na ce masa wa zai yi wanka ya sa babbar riga ya zo ya tsaya gaban ramin da yake wahala a ciki kullum? Na sa ya juya yadin ya yi min jirgi. A kan ciniki ina da gaskiya, har gobe. Dogo kuwa da zai shiga ɗakin duhu ya bi ta bayan labulen, sai na ji shi shiru. Na leƙa na same shi a tsaye a ɗan matsattsen wurin nan yana kallo. Washegari ya sa aka raka shi Jos Jarawa.

Bara da ka dawo daga babban bikin al'adun nan na Legas, ka kawo ɗan littafin da ke da zane-zanen baƙin da suka zo. Ka nuna min wani na wata ƙasa mai nisa, mutane babu fuska, ƙasa ja, kana ta yabo. Na ce maka uhm. Abin da ban ce ba shi ne irinsa yana bayan labulenmu, yana cin ƙura tun kafin ka yi wayo. Ni ma sai da na gan shi a littafi, an buga a waje, sannan na yarda abu ne. Wannan ciwo ne, kuma ina ganin alamarsa a jikinka. Ka kalli na mutanen duniya iya kallo, abin da ya kai ka ke nan. Amma kada ka dawo min kana ɗaukar mahautan Abatuwa kamar mutumin Japan ne ya ɗauke su. Na Japan ya ɗauki lungunsu ne don nasu ne. Idan ka dawo hutu ka je ka gai da Bitrus, ka ce ya nuna maka abin da ke ƙarƙashin gadonsa. An ce bai daina irin wancan zanen ba.

Dogo yakan fita da safe zuwa ramukan kuza ko mayanka, ya ɗauki lebura da laka har gwiwa, ya ɗauki mahauci da jini a riga. Abin ya riƙa sosa min rai. Na ce zai kwashi dattinmu ya kai Turai a yi mana dariya. Ban janye wannan tsoron gaba ɗaya ba, don akwai masu yin haka, kuma za ka gamu da hotunansu a can, za ka gane su: mutanen ciki ba sa kallon mai kyamarar kamar sun san shi. Shi dai Dogo na shaida ba ya ɗaga kyamara sai ya zauna da mutum, sun ci gyaɗa tare, ya nemi izini da hannu da ka. Kai ma haka za ka yi, ko a Landan ko a Bukuru. Wanda ya ce a'a, ka rufe kyamararka.

Yanzu ga maganar.

Mahaifiyarka ba ta da hoto ko ɗaya a lokacin. Za ka yi mamaki, matar mai hoto. Ita ce ta ƙi. Ta ce ba za ta iya tsayawa ƙiƙam tana riƙe numfashi ba, dariya za ta kama ta. Ni kuma ina ganin kullum tana nan, kyamara ma tana nan, babu gaggawa. Ita ke ɗauraye min hotuna a tsakar gida bayan shago, ta shanya su a igiya kamar wanki. Tana da bille guda a kunci, da wushirya, kuma in tana dariya ba ta rufe baki da hannu yadda mata suke yi.

Ana gobe Dogo zai tafi, ya roƙe ni izinin ɗaukarta. Da wani ne da na ƙi, amma baƙo ne, ya kuma ci tuwonta. Na ce to bari ta shiga ta shirya. Ya ce a'a, yadda take. Na faɗa mata, ta kalli zanenta jiƙe, ta kalle shi, ta tuntsire da dariya, kai kuma kana bayanta kana barci. A nan ya danna, ya murɗa, ya sake dannawa. Ɗauka biyu ya yi. Da yamma ya wanke fim ɗin, ya yanko guda ya ba ni, ɗayan ya sa a kwalinsa. Dodon hoto ya ba ni, wato fim ɗin da baƙi ke fitowa fari, bai sami lokacin bugawa a takarda ba. Ya riƙe min hannu ya ce, a hankali yadda zan gane:

“Kada ka taɓa shi. Ka buga shi yadda yake.”

Na ce masa to. Ba ƙarya na yi niyya ba. Amma ka san ka'idar sana'armu: ba a buga hoto sai an gyara dodo. Tun ina koyo, in na kai dodo wajen bugu ban bi shi da fensir ba sai na sha ranƙwashi. Fitar da fuskar mutum da ƙuraje ko tabo, a wajenmu cin mutunci ne, kamar ka ba baƙo ruwa a kwanon da ba a wanke ba. A lokacin kuma 'yan birni sun fara jin kunyar tsaga, kowa ya zo sai ya ce min, oga, a cire wannan. To ga matata, ga hotonta na farko. Na ce ita ce ta fi cancanta da mafi kyawun aikina.

Na zauna da fensir mai tsini da gilashin ƙara girma. Na cike billen. Na toshe wushiryar da tawada. Na ga layukan da dariya ta yi mata a gefen ido, na share su. Na ga ɗankwalinta ya zame, na kankare gashin da ya leƙo da bakin reza. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, ko kai da ka yi shekaru kana kallonsa ba ka ga sawun hannuna ba. Ban buga ko guda ɗaya ba kafin in fara. Ko tunanin haka bai zo min ba.

Na buga shi babba, na sa a firam, na kai mata ina jiran yabo. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce:

“Malam, wannan baƙuwar daga ina? Kyakkyawa ce. A rataye ta, ta riƙa taya ni hira.”

Ta yi dariya, na yi dariya, aka rataye. Na ɗauka wasa take yi, kuma wasan take yi, amma ban taɓa ganin ta sake tsayawa gabansa ba. Damina biyu bayan haka ta rasu, kana koyon magana.

Bayan an share makoki na ɗauko dodon na ce bari in wanke gyaran in dawo da ita. Fensir kan fita, amma tawada ta riga ta shiga, inda reza ta bi kuwa babu abin da zai dawo. Na matsa da auduga, fatar fim ɗin ta saluɓe ta biyo audugar, daidai wajen fuskar. Na jefar da shi. Abin da ya rage ke nan, wanda ke bango.

Kana yaro kakan tambaye ni ko kana kama da ita. In nuna maka bango in ce duba da kanka. Ka duba, ka fita. Na san ba ka ga kanka a ciki ba. Wushiryar nan da kake ɓoyewa in za a ɗauke ka hoto, tata ce.

Darasin a bayyane yake, ba sai na ja shi ba. Duk abin da za ka gyara, ka fara ajiye shi yadda Allah ya ba ka. Za su koya maka dabaru a can da suka fi fensir da reza, har hoto mai launi da mu sai mun aika Legas. Hannu in ya ƙware yakan riga kai yin aiki. Nawa bai ɓata fuskarta don mugunta ko ganganci ba, sai don ya iya, kuma don ina sonta. Ka ji tsoron irin wannan ɓarnar fiye da ta jahilci.

Ga saƙon. Ɗayan dodon yana wajen Dogo. Mutumin da ke lallashe takardar tsire da tafin hannu ba zai yar da fim ba. Abin da na sani game da shi kaɗan ne: mutumin Jamaika ne, dogo ƙwarai, yanzu zai kai sa'ana ko ya ɗan girme ni, ya zo Jos shekarar mulkin kai, ya ce yana so ya yi littafi a kan masu haƙar ƙasa. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun da yake murɗa kyamara da shi. Ka tambayi malamanka. Ka je inda mutanen ƙasarsu suke taruwa, ka tambayi tsofaffi. Duk ɗakin nuni da ka shiga, duk littafin hotuna da ka buɗe, ka karanta sunaye, ka duba ko za ka ga ramin kuza, ko mahautan Abatuwa, ko mace da goyo tana dariya gaban igiyar shanya. Na tambayi Bitrus ko ya riƙe sunan, ya ce shi ma Dogo ya sani.

Kada wannan ya hana ka karatu. Mai yiwuwa ya koma ƙasarsu, mai yiwuwa ya mutu, magadansa sun zubar da kwalin. Idan ba ka same shi ba babu laifi a kanka, ba kai ka ji kunyar tambayar suna ba. Ko banza neman zai sa ka kalli aikin mutane da yawa da idon mai nema, wanda ni ban taɓa yi ba.

Abin da ya sa na yi maganar yanzu, bayan shekarun nan ina shiru, ba tafiyarka kaɗai ba ce. Kwanakin baya ina zaune a shago ba ciniki, sai na so in tuna a wane kunci billen yake. Na kasa. Rayuwata duka ina kallon mutane a juye ne, a gilashin kyamara da jikin dodo, dama ta koma hagu. Hannuna ya tuna inda fensir ya bi, amma ban san ta wace fuskar fim ɗin nake kallo ba a ranar. Na tambayi gwaggonka Kulu, ta ce dama, babu shakka. Da na koma washegari ta ce ko hagu ne. Dangin mahaifiyarka da suka san ta duk sun riga mu. In na rufe ido yanzu, baƙuwar bangon nan nake gani. Abin yana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Idan Allah ya sa ka dace, ka roƙe shi ya bar ka ka buga guda. Ka gaya masa Sabo na Bukuru bai ji magana ba. Ka buga da hannunka, kada ka yanke gefe, kada ka rage duhu, ko ƙura ce a jiki ka bar ta. Ka rubuta sunansa a baya, cikakke, da manyan baƙaƙe.

Ka kula da salla a kan lokacinta, an ce ranar can ba ta da tabbas, ka sayi agogo mai kyau. Ka ci abinci mai zafi. Gwaggonka Kulu tana gaishe ka, ta ce kada ka yi askin gashin baki irin na 'yan kiɗa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ido mai gani da hannu mai haƙuri, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta. Ya kuma sa fuskarta ta iso Bukuru kafin a kira ni, don ina so in na je in gane ta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo Mai Hoto.